Shafen Takarda da Tsawon Ran Hoto

Idan hoto ya koɗe, tawada ko hasken rana ake fara zargi. Tarihin sana'ar kuwa yana nuna cewa siririn abin da ake shafawa a fuskar takarda yana da babban hannu wajen yanke wa hoto kwanakinsa, kuma shafen da ya fi sheƙi ko saurin aiki shi ke cin kasuwa, illarsa ba ta bayyana sai an riga an saya. A 1850 Bafaranshe Louis Blanquart-Evrard ya fito da takardar da ake shafa wa farin ƙwai da gishiri. Ta fito da hoto tas, ta mamaye sana'ar kusan shekara 40, har masana'antun Dresden a Jamus suka riƙa fasa dubban ƙwai kullum. Sai dai farin ƙwai yana riƙe ɓurɓushin azurfar da wanki ba ya fitarwa, shi ya sa fararen wurare a hotunan zamanin suka koma rawaya. A 1968 Kodak ta kawo takardar da aka lulluɓe da leda gaba da baya, wankin hoto ya koma na 'yan mintoci. Farin sinadarin titaniyom da ke cikin ledar kuwa, idan haske ya daɗe yana dukansa, sai ya ci ledar ta tsattsage, har sai da aka gyara haɗin.

Firintar da ke fesa tawada ta gaji wannan matsala. Shafen takardarta iri biyu ne. Akwai na jelatin ko makamancinsa, wanda ke kumbura ya haɗiye rini ya rufe a kansa, iska ba ta kai masa, amma yana jinkirin bushewa kuma ba ya jure laima. Akwai kuma na garin silika ko alumina mai ƙananan ƙofofi, wanda ke tsotse tawada nan take kamar yadda rairayi ke shan ruwa, sai dai ƙofofin a buɗe suke zama. A shekarar 2000 masu firintocin Epson Stylus Photo 870 da 1270 suka ga hotunan da suka buga a takarda mai sheƙi mai irin wannan shafe suna komawa ruwan lemo cikin makonni. Iskar ozon ce ke shiga ta ƙofofin tana cinye shuɗin rini. Gwajin da aka dogara da shi wajen talla ya auna juriyar hoto ga haske a bayan gilashi, bai auna gurɓatacciyar iska ba. Rinin nan dai, a kan shafe mai kumbura, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Wani zai ce zancen ya ƙare tunda aka koma tawadar garin launi, wadda ba ta narkewa kamar rini kuma ta fi jure haske da ozon. Gaskiya ne ta fi juriya, amma ba ta raba hoto da takardarsa ba. Garin launi bai dace da shafe mai kumbura ba, dole sai mai ƙofofi, kuma a samansa yake kwantawa inda guga kaɗan ke goge shi. Ƙofofin suna zuƙar hayaƙi da tururin gam su sa takarda ta yi rawaya, sinadarin ƙara fari da ake zuba wa shafen kuma yana dusashewa ko da launukan suna nan daram. Wannan ne ya sa Henry Wilhelm, wanda ya wallafa babban littafinsa kan ɗorewar hotuna masu launi a 1993, yake ba da ƙiyasin shekaru ga tawada da takarda a haɗe, tare da faɗin yadda aka ajiye hoton. Duk alkawarin shekaru da bai ambaci takardar da aka yi gwajin a kanta ba, mai saye ba shi da abin kamawa a cikinsa.