Borin Fata da Kumburin Leɓe Sakamakon Kayan Kwalliya da Magunguna

Borin fata wani yanayi ne da jikin mutum kan ƙi jinin wani sinadari da ya taɓa shi, sai wurin ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa ƙaiƙayi, wani lokaci har ya yi bororo yana tsatstsafo da ruwa. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba sammu ba ne. Abin da ke rikita jama'a shi ne, ba nan take yake bayyana ba. Yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3 bayan shafa abin, kuma mace kan shekara tana amfani da mai iri ɗaya lafiya lau kafin jikinta ya juya masa baya. Da zarar ya juya kuwa, galibi an rabu ke nan har abada.

A Kano, daga unguwanni irin su Gawuna da ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa har zuwa ƙauyuka, baƙin lalle na cikin manyan abubuwan da ke haddasa wannan matsala, musamman lokacin biki da salla. Jan lalle na gargajiya da wuya ya cutar da fata. Baƙin kuwa, sau da yawa dayis ɗin rina gashi ake zuba masa domin ya yi baƙi ƙirin ya kama da wuri, kuma a cikin dayis akwai sinadarin da ake kira PPD. Idan jiki ya ƙi shi, zanen kansa ne zai taso ya kumbura, fure bayan fure, ya bar tabo na watanni. Wadda hakan ta taɓa samu, to ta guji rina gashi ma, haka nan magidancin da ke rina gemu.

Man bilicin shi ma yana nasa ɓarnar. A watan Fabrairun 2023, a nan Kano, Shugabar Hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Mafi haɗari shi ne mai ɗin haɗi da ake sayarwa a roba, ba suna ba lamba.

Fatar leɓe siririya ce, shi ya sa ta fi saurin nuna alama. Jan baki, man leɓe mai ƙamshi da man goge baki duk suna iya sa leɓe ya bushe, ya tsage, ya riƙa saɓa. Da hunturu akan ɗora wa iska laifi, sai a ƙara shafa abin da ya jawo ciwon.

Ta fuskar magunguna, man shafawa mai ɗauke da Neomycin, filasta, da man zafi na iya tayar da fata a daidai inda suka taɓa. Akwai kuma na sha, irin su Septrin da Fansidar, waɗanda kan fito da baƙin tabo a leɓe ko al'aura, a wuri guda duk lokacin da aka sake shan su.

Matakin farko shi ne a daina amfani da abin da ake zargi, a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a shafa basilin zalla. Kada a sa toka, man birki ko wani haɗin kemis. Idan bai lafa ba cikin 'yan kwanaki, a tafi asibiti tare da kwalbar ko kwalin abin. Mazauna Gawuna na kusa da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase. Akwai kuma Asibitin Bela da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma idan harshe ko fuska suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ko baki da idanu suka yi gyambo tare da zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne ko da tsakar dare.

Ana buƙatar jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su rubuta sunan maganin a katin majiyyaci, su kuma cike fom ɗin NAFDAC mai ruwan ɗorawa. Dagatai da masu unguwanni su ja hankalin masu ƙunshi da su riƙa gaya wa mata abin da suka haɗa, kuma kada a yi wa yara ƙanana baƙin lalle.