Kwamfutar tebur na mutuwa bayan an canza mata firosesa: ina ake neman matsalar?

Firosesa ita ce ƴar guntuwar na'urar da ke yin lissafi a cikin kwamfuta, wadda ake kira processeur da Faransanci. Mutane da yawa kan cire ƙarama su sa babba don aiki ya yi sauri, sai kuma kwamfutar ta fara sandarewa, ko ta mutu ta sake tashi da kanta, ko Windows ya nuna shuɗin allo. Zargi na farko kan faɗa kan wanda ya sayar da firosesar. Amma da wuya laifin ya zama nata. Yawanci abubuwan da ke kewaye da ita ne ba su shirya karɓarta ba.

A fara da uwar allo, wato carte mère. Shigar firosesa cikin gurbinta bai nuna cewa allon ya san ta ba. Gurbin LGA1155 na Intel yana ɗaukar zubi na biyu na 2011 da zubi na uku na 2012, amma allo mai H61 sai an sabunta masa BIOS kafin ya karɓi na uku, mai Q65 ko Q67 kuwa ba ya karɓa sam. Wannan ya shafi tsoffin kwamfutocin ofis na gwanjo irin su Dell OptiPlex 790. Haka gurbin AM4 na AMD: tsohon allo mai B450 yana buƙatar sabon BIOS kafin ya yi aiki da Ryzen 5000 da suka fito a 2020. Kamfanin allon yana wallafa jerin firosesocin da allonsa ke ɗauka. Ana sabunta BIOS ne da tsohuwar firosesar a ciki, saboda haka kada a yi saurin sayar da ita. Kada kuma a taɓa wannan aiki ba tare da onduleur ba, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Bayan haka a mayar da BIOS kan saitinsa na asali, ko a cire ƙaramin batirin nan CR2032 na ƴan mintoci bayan an zare wuta. Saitin da ya dace da tsohuwar firosesa yana iya rikita sabuwa.

Zafi shi ne ya fi damun yankinmu. Core i3-2100 wat 65 aka ƙiyasta mata, Core i7-2600 kuwa wat 95, don haka fankar da ta isar wa ta farko ba lallai ta isar wa ta biyu ba, balle a watan Afrilu a Njamena ko Garwa inda zafin gari ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe ƙarfen sanyaya. A goge tsohon man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a tabbata ƙafafun fankar huɗu sun kama daidai. Manhajar HWiNFO ko Core Temp tana nuna zafin. In yana haura digiri 90 da zarar an buɗe aiki mai nauyi, an gano bakin zaren.

Kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya ba tare da wani saƙo ba, alhali zafinta daidai ne, a duba akwatin wutarta. Ƙananan kwamfutocin ofis da yawa wat 240 kacal suke da shi, kuma ya tsufa.

RAM ma tana shiga lissafi, abin da ake yawan mantawa. Sashen da ke sarrafa ta yana cikin firosesa ne, don haka sabuwar firosesa sabuwar hulɗa ce da RAM. A kashe XMP, a gwada sanda ɗaya-ɗaya, a bar MemTest86 ya kwana yana aiki. In rabin RAM ya ɓace, a cire firosesar a haska gurbin da tocila: allura ɗaya da ta lanƙwashe ta isa. A gurbin LGA alluran suna jikin allo, a AM4 suna jikin firosesa.

Abu ɗaya ake canzawa a gwada kafin a taɓa na gaba. Gwajin da ke raba gardama shi ne mayar da tsohuwar firosesa: in matsalar ta ci gaba, wani abu ne aka taɓa yayin aikin.

Akwai dai inda laifin ya zama na firosesar. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu firosesocin tebur na zubi na 13 da 14 suna jan lantarki fiye da kima har su lalace. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya kuma ƙara shekara 2 kan garanti. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba ne kawai, don haka mai sayen ta hannu daga waɗannan zubi ya nemi a gwada masa ita da Prime95 a gabansa kafin ya biya.