Daga askar wanzami zuwa allurar Penta: tarihin maƙogwaron yaranmu

Jama'a, yawancin matasanmu a rediyo suka fara jin sunan mashaƙo a 2023, har wasu na cewa sabon ciwo ne. Tsohon ciwo ne da muka manta.

A zamanin kakanninmu, nan ƙasar Muri kamar sauran Arewa, in jariri ya kasa shan nono ko numfashinsa na ƙara, beli ake ɗora wa laifi. Sai a kira wanzami ya cire, sau da yawa tun kafin suna. Ba mu raina wanzamai ba, su ne likitocin da ake da su. Amma beli bai taɓa jawo mashaƙo ko tarin shiƙa ba, kuma yankan kan jawo zubar jini.

Mashaƙo ƙwayar cuta ce da ke shimfiɗa wata fata toka-toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, hanyar iska ta toshe, gubarta kuma ta taɓa zuciya. A 1890 Emil von Behring na Jamus ya gano maganin gubar, a 1923 Gaston Ramon na Faransa ya samar da rigakafin. Najeriya ta fara shirin rigakafin yara na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin muna jihar Gongola, komai sai an jira daga Yola. Da allurar ta yaɗu, ciwon ya ja baya.

Jalingo ta zama babban birnin Taraba a 1991, amma a shekarun nan ne rigakafi ya yi sanyi a ƙasar. Gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 da ƙauracewa allurar shan inna a 2003 suka ƙara wa iyaye zargi. Zargin yana da dalili, sai dai yara ne suka biya. A Disambar 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya kai Yobe, Katsina, Borno da maƙwabciyarmu Bauchi. Mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala allura ba.

Tun 2012 rigakafin yana cikin allurar Penta, wadda ake yi kyauta a sati 6, 10 da 14. Yaron da wuyansa ya kumbura yana jan numfashi da ƙyar, a garzaya da shi Asibitin Tarayya na Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha a ranar, kada aska ta taɓa maƙogwaronsa.