Kwaɗon dankali da yajin da ya yi tafiya

Jama'a, tun da cutar nan ta 2023 ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba, kudancin Kaduna, yajin da ake ƙullawa a kasuwar Kankiya ya sauya. Barkono ne da gishiri da dunƙule, sai ja kawai. Shi ya sa na tashi neman kwaɗon dankalin da muka ci muna yara, wanda ake yanka dafaffen dankalin Hausa a zuba garin ƙuli da albasa da man gyaɗa, a barbaɗa yaji.

A Kusada na samo bakin zaren, wajen wata gwaggona. Ta ce, "Ɗan nan, ai dankalin bai canza ba, yajin ne kuka rasa." Nata busasshiyar daddawa ce kan gaba, sai citta da masoro, kanumfari ƙwaya kaɗan, kimba kuma sai an gasa ta kafin ta shiga turmi. Na masu tsire, in ji ta, ƙuli ya yi masa yawa, na jego kuma ya cika zafi.

Abin da ya ɗaure mini kai, kusan duk kayan nan baƙi ne. Dankali da gyaɗa da barkono 'yan nahiyar Amurka ne, sun shigo Afirka bayan shekarar 1500 ta hannun Turawan Fotugal. Gyaɗar ma sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 nomanta ya bunƙasa har aka yi dalarta. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, sunan kuwa daga Larabci muka aro, ƙaranful. Masoro da kimba tsirran kurmi ne, daga kudu suke zuwa mana, yankin da fatakenmu suka daɗe suna ɗauko goro. Wanda muke kira dankalin Turawa shi ne ɗan auta, zamanin mulkin mallaka ya samu gindin zama a Jos.

Daddawa ce tamu ta gado, daga kalwar ɗorawa. Ita ce kuma na fi jin tsoron rasawa, wallahi, don citta ko ta yi tsada za ta dawo. Ku duba gonakin da ke tsakanin Kankiya da Kusada, ɗorawa nawa suka rage a tsaye? Tsofaffin na tafiya itacen girki, ƙananan kuma ba mai dasawa.

Gwaggo dai yanzu sayen kalwa take yi a kasuwa, da kwano.