Tozali: Dutsen da Ya Daɗe a Idon Mutanen Karaye da Rogo

A cikin kayan ɗan koli na dā, babu abin da ya haɗa ƙanƙanta da nauyi irin tozali. Allura da zare da madubi da tsakiya sai a cika faifai da su hannu bai ji ba, amma ɗan dunƙulen tozali da bai wuce ƙwan zabo ba sai ya rinjayi tafin hannu. Kakana na wajen uwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana cin kasuwannin ƙasar Karaye da Rogo a kan jaki, da wannan nauyin yake gane na ƙwarai. Sai ya jinjina shi, ya ɗan ƙwanƙwasa. In ya tsage gida-gida masu kusurwa huɗu, kowace fuska tana walƙiya, to ya saya. In ya marmashe kuwa, sai ya ce an gauraya shi da tsakuwa.

Abin da yake gwadawa da hannu shi ne masana duwatsu suka auna da ma'auni. Suna kiran dutsen galena. Dalma ce haɗe da farar wuta, kuma dalmar ta kai kashi 86 cikin 100 na nauyinsa. Ya ninka ruwa nauyi wajen sau bakwai da rabi, ga shi da taushi, wuƙa ma tana kankare shi. Wannan taushin ne ya sa mace za ta iya niƙe shi a kan ɗan dutse har ya zama gari mai sulɓi, baƙi-baƙi mai ƙyalli, wanda yake kama fatar ido ya wuni bai goge ba.

Tozalin da ke kasuwanninmu baƙo ne. Manyan ramukansa suna kudu, a kwarin Binuwai: Arufu a ƙasar Jukunawa kusa da Wukari, da Zurak a yankin Wase, sai can ƙasar Ibo wajejen Abakaliki da Ishiagu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen waɗannan wurare suke haƙo shi, fatake kuma suna ɗauko shi zuwa arewa tare da sauran haja, su ratsa ƙasar Zazzau su sauke a Kasuwar Kurmi ta birnin Kano. Daga nan ƙananan 'yan koli irin kakana suke sara, su karkasa shi ƙanana, su kai ƙauyuka. Mutanen Rogo, da yake suna bakin iyaka da Zazzau, sau da yawa ba sai sun jira na birnin Kano ba. Wani tozalin kuma alhazai ne suke kawowa tsaraba daga Makka, kuma shi ne mata suka fi ji da shi. Turawan farko da suka gan shi a kasuwannin Hausa sun yi ta rubuta cewa antimoni ne, sai daga baya awo ya nuna mafi yawansa dutsen dalma ne.

Sana'ar ba ta tsaya kan mai haƙa da mai sayarwa ba. Akwai masu yin tandu, waɗanda suke lulluɓe ɗan sifar yumɓu da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe su farfasa yumɓun su zazzage, a bar ɗan gida mai dogon wuya. Tandun mahaifiyata yana rataye a jikin ƙusa kusa da madubi, da ɗan tsinkensa a ciki, kuma babu ranar da ba a sauke shi ba. Amarya ba ta tarewa sai da nata. Dattawa suna sa kwalli ranar Juma'a da ranar Salla, domin malamai sun karantar cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana sa kwalli, ya kuma yabi wanda ake kira ismidi. Jariri kuwa, da ungozoma ta gama yi masa wanka sai ta zizara masa a ido ta ja masa gira, a ce idon zai washe, ya yi ƙarfi, ciwo ba zai kama shi ba.

Ba mu kaɗai muka so wannan dutse ba. Mutanen Masar sun yi kwalli da shi dubban shekaru kafin Musulunci, har ana samun sa a kaburburansu. Yarabawa suna ce masa tiro. Daga cikinsa duniya take narko mafi yawan dalmarta, wadda yau batirin mota da na sola suke cinye kaso mafi girma, kuma sau da yawa akan tace azurfa daga jikinsa. A farkon ƙarni na 20 ma, ɗan tsagin galena ne yake kama murya a akwatunan rediyo na farko.

Sai dai dalma guba ce, kuma ƙasar Hausa ta koyi haka da hawaye. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Wani zai ce ai wancan ƙurar ma'adinai ce, kwalli kuwa ɗan kaɗan ne. Gaskiya ne kwalli ba ya kisa irin wancan, amma ɓarnarsa a ɓoye take tafiya. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Nijeriya. Da aka bincika, sai aka tarar tiro ne ake sa masa, kuma da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hanyar shigarta a fili take: yaro ya murza ido, ya kai yatsa baki, wani kwallin kuma ya bi hawaye ya gangara maƙogwaro. Jikin yaro ya fi na babba tsotse ta, tana rage jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa da kaifin fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa.

Ba na ganin laifin iyayenmu mata. Da ƙauna suka yi, da iyakar sanin zamaninsu. Amma mu da sani ya riske mu, bai kamata garin neman gira mu rasa ido ba. Sunna ba ta ce a sa wa jariri dalma ba, kuma rubuta ismidi a jikin kwalba ba hujja ba ce, domin an sha auna irin waɗannan a sami dalma a ciki. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Hukumar NAFDAC ta riƙa auna kwallin da ke kasuwa tana faɗa wa jama'a sakamako da Hausa. Limamai su ambaci batun a huɗuba, ma'aikatan awon ciki su faɗa wa masu juna biyu. Ungozomomin Karaye da Rogo kuwa, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa shiga ɗakin mai jego, su ne za su iya raba idon jariri da tozali tun daga wankan farko.