WA KE DUBA MUDUN KASUWAR HANNUN JARI?



Duk wanda ya taɓa kai gero ko gyaɗa kasuwa a Tsanyawa ko Bichi ya san abu ɗaya: kafin ka biya sai ka zura hannu a buhu, ka kuma duba mudun. In aka yi rigima, akwai sarkin kasuwa. To amma matashin da yau yake sayen hannun jarin Dangote Cement ko bankin Jaiz ta wayarsa, wane buhu zai buɗe? Abin da yake da shi kawai lissafin da kamfani ya fitar. Wa ke tabbatar da gaskiyar lissafin nan?

Mu koma baya kaɗan. An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961. A 1962 aka kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya mai duba kamfanonin da ke son sayar wa jama'a hannun jari. Kwamitin nan ne ya rikiɗa har ya zama hukumar SEC a 1979. Ita kuwa kasuwar, a 1977 ta koma ta ƙasa baki ɗaya, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano a 1989.

Aikin kashi biyu ne. Kasuwa tana tilasta wa kowane kamfanin da ke cikinta ya fitar da rahoton kuɗi duk wata uku, sannan na shekara wanda akantoci na waje suka bincika. Wanda ya ƙi, a ci shi tara ko a dakatar da cinikin hannun jarinsa. SEC kuma ita ce a sama: tana yi wa dillalai rajista, tana hukunta daraktoci, tana sa ido a kan ita kanta kasuwar.

Ya taɓa yin aiki kuwa? A 2006 aka gano Cadbury Nigeria ya kumbura lissafinsa da kimanin naira biliyan 13. A 2008 SEC ta ci kamfanin tara, ta haramta wa shugabansa da daraktan kuɗinsa sake riƙe darakta a kamfanin jama'a. Sai dai ku lura, lokacin masu jari sun riga sun tafka asara. A shekarar dai farashi ya rikito, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari suka shiga uku. A 2010 SEC, ƙarƙashin Arunma Oteh, ta cire shugabar kasuwar, Ndi Okereke-Onyiuke. Daga 2021 kuma, da kasuwar ta koma NGX, aka ware sashen sa ido daban da sashen ciniki.

Wato kusan kowace doka sai an sha wuya take zuwa. Ko dokar 2025, mai tanadin ɗaurin shekara 10 ga masu tsarin damfarar "zuba kaɗan ka kwashi da yawa", ta zo ne bayan irin su MMM sun cinye kuɗin mutane.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka zuba kuɗin gyaɗar bana a wata manhaja, shiga shafin SEC ka duba ko dillalin yana da rajista, ka karanta rahoton kamfanin. Rajista ba ta hana faɗuwa, amma tana ba ka inda za ka kai ƙara.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai shiri na gaba.