Daga Idon Maƙwabci zuwa Idon Kyamara: Tarihin Tsaron Haja a Gabashin Kano

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a karkarar gabashin Kano, daga Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi har zuwa cikin Gaya, ya san abin da ke faruwa idan aka kira sallar Azahar. Mai rumfa zai ja buhu ya lulluɓe hajarsa, ya ce wa na kusa da shi, "Ga amana nan," ya nufi masallaci. Ba kwaɗo, ba makulli. Ido ne ke tsaron kayan, idon da ya san ɗan wane da jikan wane. Amma ranar da wannan ɗan kasuwa ya shiga Kano sari a Singa ko Kantin Kwari, wani idon zai tarar maƙale a kusurwar rufi, wanda bai san kowa ba kuma ba ya mantuwa.

Alaƙar ƙasar Gaya da kasuwancin Kano ta girmi ganuwar birnin. Tarihin baka ya ce maƙeran Abagayawa daga Gaya suka taso neman tama, suka sauka a gindin Dala. Da birnin ya bunƙasa, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Inda dukiya ta taru kuwa ɓarawo ba ya nisa, don haka kasuwa ta tashi da masu kula da ita: sarkin kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigima, sarkin pawa a kan mahauta, dillalai masu tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, da fatoma mai saukar da baƙon fatake ya adana musu kaya.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya rubuta wani abu da ya ba shi mamaki. Idan aka sayi riga ko turkuɗi a naɗe, akan saka sunan dillalin a cikin ƙunshin. Ko Borno aka kai kayan, in aka kwance aka tarar da algus, sai a maido su Kano, a nemo dillalin, a sa a biya mai saye kuɗinsa. Wato tun a wancan zamani kasuwa tana ajiye bayanin mutane a rubuce. Sai dai sunan wanda aka damƙa wa amana ake ajiyewa, domin kare mai saye. Shi mai saye ya zo ya tafi abinsa, ba wanda ya rubuta shi.

Wannan ba ya nufin tsohuwar kasuwa aljanna ce. Akwai ɗan sane mai yankan aljihu a cikin turmutsitsi, akwai mai ɗauke akuya a turke. Maganinsu na farko shi ne ihu. Da an ce "Ɓarawo!" kasuwa ta yamutse, kuma sau da yawa kafin dogarai su iso an farfasa wa mutum jiki, wani lokaci ma ba shi ne ya yi satar ba. Idan ba a ga ɓarawon ba, sai a koma ga abin da zuciya ke tsoro: a ja Yasin, a kai wanda ake zargi ya rantse da Alƙur'ani, ko a rataya laya a bakin rumfa.

Malaman jihadi sun nemi ɗora aikin tsaron kasuwa a kan shari'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa Kanawa littafin Diya'ul Hukkam a kan tafiyar da mulki, kuma fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar suka bi ya san aikin muhtasibi, mai duba mudu da ma'auni da algus. Amma fiƙihun da ya ba da ikon sa ido shi ne kuma ya gindaya masa iyaka. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma yi gargaɗi a kan yawan zato. Haddin sata ba ya tabbata sai kayan sun kai nisabi, an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, kuma an samu shaidu adilai ko iƙirari. A nan abin da Bahaushe ke kira rufin asiri ya samu gindin zama. Yaron da aka kama da ƙuli-ƙuli a aljihu, wurin ubansa ko mai unguwa ake kai shi, a biya, a tsawatar, magana ta mutu a zaure.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suka kafa kantuna. A kanti akwai kanta, dogon katakon da ya raba mai saye da kaya. Mutum zai faɗi abin da yake so, yaron kanti ya miƙo masa. Tsaron gari ya koma hannun 'yan dokan En'e, har aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya bayan sojoji sun karɓi mulki. Tsaron dare kuma ya zama na mai gadi, aikin da Buzaye suka shahara da shi musamman bayan farin shekarun 1970, sai kuma 'yan sintiri da 'yan kasuwa ke haɗa wa kuɗi.

Abin da ya sauya lamarin gaba ɗaya shi ne cire kanta. A 1916 wani Ba'amurke, Clarence Saunders, ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memfis, inda mai saye ke ɗaukar kaya da hannunsa ya biya a ƙofa. Ciniki ya ƙaru, sata ma ta ƙaru, daga nan kowane mai shigowa ya zama abin lura. Manyan kantuna irin na Turai sun shigo Najeriya da Kingsway, wanda aka buɗe a Legas a 1948, kuma a 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a kan titin Gidan Zu. Kanawa suka saba da ajiye jaka a bakin ƙofa da nuna rasit kafin fita. Da kyamarori masu araha suka shigo daga Sin, ga sola ta rage matsalar wuta, sai mai shagon atamfa ko na magani ya iya kallon shagonsa ta waya yana zaune a gida.

Ba wanda zai ga laifin ɗan kasuwa. Jarinsa ne, sau da yawa ma bashi ne ya ɗauko. Wanda ya ga yadda aka fasa shaguna da ma'aikatu a Kano ranar 1 ga Agusta, 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ya san tsoron ba na banza ba ne.

Damuwar tana ga inda hoton ke zuwa bayan an ɗauka. Ihun "Ɓarawo!" na dā iyakarsa bakin kasuwa, kafin la'asar ya lafa. Ihun yau ɗan gajeren bidiyo ne da ake yankowa daga na'urar shago a saka a WhatsApp ko TikTok, a rubuta "ku taya mu cigiya". Cikin dare ɗaya ya isa Wudil, ya isa Gaya, ya shiga wayar surukai. Idan matashiya ce, maganar aurenta na iya rushewa. Idan ɗan ci-rani ne daga Ajingi da ke yaron shago a birni, ba mai sake ba shi amana. In daga baya aka gano kuskure ne, ko kama ce kawai ta fuska, ba hanyar da za a bi waya-waya a goge. Kuma kyamarar ba ɓarawo kaɗai take ɗauka ba. Tana ɗaukar matar auren da ta ɗaga niƙabi don duba yadi, da magidancin da ya zo sayen maganin cutar da bai faɗa wa kowa ba, da yatsun mai danna lambar sirri a na'urar POS.

Ƙasashen da suka riga mu nisa sun ga inda hanyar ke kaiwa. A Disambar 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta haramta wa kamfanin magunguna na Rite Aid amfani da na'urar gane fuska na tsawon shekara 5, bayan ta gano cewa na'urar ta riƙa nuna mutanen da ba su ji ba ba su gani ba a matsayin ɓarayi, ma'aikata suna bin su suna kunyata su, kuma abin ya fi faɗawa kan mata da waɗanda ba farar fata ba.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 36 kuma ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. A Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman. Dokar ta wajabta wa mai tattara bayanan mutane ya kasance da dalili na halal, ya sanar da su, kada ya riƙe bayanan fiye da buƙata, sannan ta sa ma'aunin siffar jiki da na'ura ke gane mutum da shi cikin bayanai masu tsananin kariya. Sai dai tsakanin ofishin hukumar a Abuja da rumfar kasuwa akwai tafiya mai nisa.

Waɗanda ke kusa su ne dai na tun asali: sarkin kasuwa, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, dagaci da limami, da masarautar Gaya, wadda dokar jiha ta 2024 ta sa Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Su ne za su iya ƙayyade cewa a liƙa sanarwa a duk shagon da ke da kyamara, a san wanda ke riƙe da hotunan da kwanakin da za su yi kafin a goge, kuma bidiyon sata ya tafi ofishin 'yan sanda ko gaban alƙali maimakon zauren WhatsApp. A Gafasa har yanzu buhu da maƙwabci ke tsaron yawancin rumfuna, amma wayar da ke ɗaukar bidiyo ta riga ta shiga aljihun samarin kasuwar, kuma sola tana ta hawa rufin shaguna ɗaya bayan ɗaya.